Katin Eurail ko tikiti ɗai-ɗai: wanne ya dace da mai son ratsa ƙasashen Turai a jirgin ƙasa?

Wanda ya yi niyyar ratsa ƙasashe biyar ko shida na Turai a jirgin ƙasa, kafin ya fara tunanin otal ko jaka, hanyoyi biyu ne za su tare masa gaba. Ko ya sayi katin Eurail, wanda ke ba shi damar hawa jirage a ƙasashe 33 da biya ɗaya, ko kuma ya bi kowane kamfani ya yanki tikitin kowace tafiya daban. Yawancin masu shirin tafiya suna ɗauka cewa katin ne ya fi araha tunda a dunƙule yake, wasu kuma suna ganin tarko ne aka ɗana wa baƙi. Duk su biyun sun yi gaggawar yanke hukunci. Abin da ke raba gardama shi ne waɗanne ƙasashe za ka bi, da kuma ko ranakun tafiyarka a kafe suke ko za su iya motsawa.

Katin dai ba sabon abu ba ne, tun 1959 ake sayar da shi, kuma na waɗanda ba a Turai suke zaune ba ne. Mazaunin Turai, ko daga wace ƙasa ya fito, ɗan uwansa Interrail zai saya, wanda aka fara a 1972. Ƙa'idojinsu kusan ɗaya ne, sai dai mai Interrail kwana biyu kacal ake ba shi ya yi amfani da katin a ƙasar da yake zaune, na fita da na komowa. Katin iri biyu ne. Akwai na kwanaki a jere: 15, 22, wata ɗaya, wata biyu ko wata uku. Akwai kuma na tsinta, inda ake ba ka kwana 4, 5 ko 7 ka zaɓa cikin wata ɗaya, ko kwana 10 ko 15 cikin wata biyu. Ga mai son ya ga garuruwa, ya kwana biyu ko uku a kowanne, na tsinta ne ya dace, domin babu amfanin biyan kuɗin ranar da kake yawo da ƙafa a cikin gari. Wanda bai kai shekara 28 ba da wanda ya kai 60 suna da rangwame, yara 'yan shekara 4 zuwa 11 kuma kyauta suke tafiya, har biyu ga kowane babba. Wannan na yaran ba ƙaramin abu ba ne ga mai iyali, shi kaɗai yana iya juya lissafin gaba ɗaya.

Lissafin kuwa mai sauƙi ne, kuma da shi ya kamata a fara. A farashin 2025, katin kwana 7 cikin wata ɗaya na babban mutum a aji na biyu yana kusan yuro 380, wato kowace ranar tafiya ta tsaya maka a kan yuro 54 ko kusa da haka. Na kwana 10 kusan yuro 450 ne, rana ta koma yuro 45. Rubuta wannan adadin a gefe. Duk ranar da tikitin da za ka saya daban bai kai shi ba, katin asara yake ja maka. Duk ranar da ya haura shi, katin ya biya kuɗin sabulu.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Katin hakkin hawa jirgi yake ba ka, ba kujera ba, kuma a wasu ƙasashen ba a shiga jirgi mai gudu sai da kujerar da aka kama tun kafin lokaci, da kuɗinta daban. Wannan shi ya raba taswirar Turai gida biyu.

A Jamus, Ostiriya, Suwizalan, Holan da Beljiyam, mafi yawan jirage sai dai ka zo ka hau kawai. Ka nuna katinka a waya, ka zauna inda babu kowa. In ka makara wannan ya wuce, ka jira na bayansa, babu wanda zai tambaye ka ko sisi. Kama kujera a jirgin ICE na Jamus ganin dama ne, kuɗinsa bai wuce yuro biyar da 'yan kai ba, kodayake ranar Juma'a da yammacin Lahadi gara ka biya da ka yi awa huɗu a tsaye kusa da ƙofa. A watannin Yuni zuwa Agusta wasu jiragen da ke ƙetare iyakar Jamus sukan wajabta kama kujera, don haka a duba kowanne a manhajar katin da ke waya kafin ranar.

A Faransa, Italiya da Sifaniya labarin ya sha bamban. TGV na cikin Faransa yana karɓar yuro 10 zuwa 20 a kan kowace tafiya. Frecciarossa na Italiya yuro 13 ne, AVE na Sifaniya kusan yuro 10. Na ƙetare iyaka su suka fi ciwo: Eurostar daga Landan zuwa Faris da TGV daga Faris zuwa Barcelona kowanne ya haura yuro 30 ga mai kati. Kuma ba kuɗin ne kaɗai matsalar ba. A wasu daga cikin waɗannan jiragen, kujerun da aka ware wa masu kati ƙidayayyu ne. Za ka ga jirgi da sauran wuri, ana ta sayar wa mutane tikiti, amma kai mai kati a ce maka rabonku ya ƙare. Mutum ya sayi kati don ya samu 'yancin tashi duk lokacin da ya so, sai ga shi dole ya kama kujerar Eurostar makonni kafin tafiya, in lokacin hutu ne. Ƙari a kan haka, akwai kamfanonin da katin ba ya aiki a jiragensu sam, kamar Italo a Italiya, Ouigo a Faransa da Sifaniya, da FlixTrain a Jamus, alhali sau da yawa su ne masu araha a layin.

Mu ɗauki hanyoyi biyu mu auna. Ta farko: Landan, Faris, Barcelona, Madrid, sannan a dawo ta kudancin Faransa a shiga Italiya har Milan, Florence da Rum. Kusan kowane zango a nan jirgin dole-sai-da-kujera ne. In ka tara kuɗin kujerun za su haura yuro 100 cikin sauƙi, a kan 380 ɗin da ka riga ka biya, kuma 'yancin da ka saya bai samu ba. Barcelona zuwa Madrid awa biyu da rabi ne, kamfanoni da yawa suna gasa a layin, kuma wanda ya saya da wuri yakan samu tikiti ƙasa da kuɗin ranar kati nesa ba kusa ba. Haka Milan zuwa Rum, tafiyar awa uku, inda Trenitalia da Italo ke kokawar fasinja. A wannan hanyar tikiti ɗai-ɗai ne ya fi, kuma ba ma shakkar faɗin haka.

Ta biyu: Amsterdam, Balin, Munich, Zurich, tsaunukan Suwizalan, Innsbruck, Biyana. Nan gidan katin ne. Tikitin da aka saya ranar tafiya tsakanin manyan biranen Jamus masu nisa yakan haura yuro 100, Suwizalan kuma tsadar jirginta sananniya ce. A rana ɗaya ta kati kana iya tashi daga Zurich ka je Chur, ka bi layin Bernina da ke hawa har mita 2,253 kafin ya gangara Tirano a Italiya, ka sauka inda ka ga dama ka sake hawa na gaba. Jirgin yawon buɗe ido mai manyan tagogi, Bernina Express, yana karɓar kuɗin kujera. Amma jiragen yau da kullum suna bin layin dogon nan ɗaya, tsaunukan nan dai su ne, kuma ba sa karɓar komai daga mai kati. Abin lura kawai shi ne wasu layukan hawa dutse, kamar na Jungfrau, rangwame katin ke bayarwa a kansu, ba kyauta ba.

Gabashin Turai kuma wani fanni ne. Prague zuwa Biyana awa huɗu ne, Biyana zuwa Budapest awa biyu da minti arba'in, kuma tikitin da aka saya makonni kafin tafiya sau da yawa ba ya kai yuro 30. Ƙona ranar kati ta yuro 54 a kan irin wannan zangon ɓarna ce. Shi ya sa mafi yawan dogayen tafiye-tafiye amsarsu gauraye ce: ƙaramin kati na kwana 4 ko 5 don ranaku masu tsada da nisa, sauran gajerun zangunan a yanke musu tikiti daban.

Ga wanda zai saya ɗai-ɗai

Farashin jiragen nesa a Turai kamar na jirgin sama yake, yana hawa yayin da ranar ke matsowa. Kowane kamfani yana da tikitinsa mai rahusa: Super Sparpreis a Deutsche Bahn na Jamus, Sparschiene a ÖBB na Ostiriya, Super Economy a Trenitalia. Sharaɗinsu ɗaya ne: jirgi kaza, ƙarfe kaza, rana kaza. Ka makara da laifinka, kuɗin ya tafi, mafi arahar cikinsu ba a mayarwa kuma ba a canzawa. Ana buɗe sayarwa watanni kafin tafiya, galibi uku zuwa shida, kuma wanda ya zo da wuri shi ke kwashe mai sauƙin. Sai dai jadawalin jiragen Turai yana sauyawa kowace shekara a ƙarshen mako na biyu na Disamba, saboda haka tikitin ranakun bayan sauyin yakan makara kafin ya fito. Wanda ya duba a Satumba bai ga jirgin ƙarshen Disamba ba, kada ya ɗauka babu jirgin. Ba a ɗora shi ba ne tukuna.

Babban haɗarin wannan hanyar shi ne haɗa jirage biyu da tikiti biyu. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 2021/782, wadda ta fara aiki a Yunin 2023, ta ce idan jirgi ya makara minti 60 zuwa 119 za a mayar maka da kashi 25 cikin 100 na kuɗin tikiti, in ya kai minti 120 kashi 50, kuma idan jinkiri ya sa ka rasa jirgin gaba dole a kai ka inda za ka ba tare da ƙarin kuɗi ba. Amma wannan kariyar ta tikiti ɗaya ce, wanda ya ɗauki tafiyar daga farko har ƙarshe. In ka sayi zangon farko a wani kamfani, na biyu a wani, na farko ya makara, na biyun ba dole ba ne ya saurare ka. Akwai yarjejeniya tsakanin manyan kamfanonin ƙasashe da dama da ke barin fasinja ya hau jirgin gaba idan ya nuna shaidar jinkiri, don haka duk lokacin da hakan ta faru, ka nemi mai duba tikiti ko ma'aikacin tasha ya rubuta maka shaida tun kafin ka bar wurin. Amma kyautatawa ce tsakaninsu, ba hakkin da doka ta ba ka ba, kuma ba kowane kamfani ke ciki ba.

Maganin shi ne tazara. Manhaja za ta nuna maka canjin jirgi na minti bakwai kamar ba komai ba ne. A Suwizalan hakan yana aiki, domin an tsara jadawalin ne jirage su haɗu. A Jamus kuwa, a 2024 kusan kashi 62 cikin 100 ne kawai na jiragen nesa suka isa a kan lokaci, kuma a ƙidayarsu jirgin da ya makara ƙasa da minti shida ma a kan lokaci yake. Idan jirgin gaba na awa-awa ne kuma tikitinka ɗaya ne, babu damuwa. Idan kuwa jirgin dare ne, ko Eurostar, ko wanda sau ɗaya yake tashi a rana, ka bar aƙalla awa ɗaya da rabi, awa biyu ma ba ta yi yawa ba. Ka kuma san cewa wasu biranen tashoshinsu da yawa. Wanda ya sauka a Gare du Nord a Faris zai wuce Barcelona, Zurich ko Milan, sai ya tsallaka gari zuwa Gare de Lyon. Tasha biyu ce a jirgin cikin gari na RER D, amma da jaka, da neman tikitin cikin gari, da matakala, ka ware awa guda. Eurostar kuma ana duba fasfo da kaya kafin a shiga, ƙofar tana rufewa minti 30 kafin tashi, don haka a isa da awa ɗaya ko fiye.

Ga wanda ya zaɓi kati

Yanzu a waya yake, cikin manhajar Rail Planner. Bayan ka saya za a turo maka lambar kati, ka shigar da ita, ka saka lambar fasfo, ka zaɓi ranar farawa. Kana da wata 11 daga ranar saye kafin ka kunna shi. Kafin ka hau kowane jirgi, sai ka nemo shi a manhajar, ka ƙara shi cikin tafiyarka, ka danna maɓallin da ke ɗora shi a kan katin, sannan lambar da mai duba tikiti zai haska ta fito. Kurakurai biyu ne suka fi yawa. Na farko, mutum ya ƙara jirgi a manhaja ya ɗauka ya kama kujera ke nan. A'a, kujera daban ake saye, a shafin Eurail, ko na kamfanin jirgin, ko a tagar tasha. Na biyu, ya canza jirgi a hanya ya manta bai ƙara sabon ba, wanda a ido mai dubawa daidai yake da tafiya babu tikiti. Manhajar tana buƙatar ta riƙa taɓa intanet a kai a kai, kuma wayar da cajinta ya mutu ba hujja ba ce, saboda haka ƙaramin batirin caji ya zama cikin kayan dole. Fasfo ma ya kasance a jikinka, domin ana iya neman a gwada sunan.

Ranar kati daga sha biyun dare take zuwa sha biyun dare. Jirgin dare yana cin ranar tashi ce kaɗai: ka hau ƙarfe tara na daren Litinin ka sauka safiyar Talata, Litinin kawai aka cire. Amma da zarar ka canza zuwa wani jirgi da safiyar Talatar, rana ta biyu ta tafi. In ƙarasawar gajeriya ce, sayen tikitinta daban ya fi.

Jirgin dare ko na rana

Zangon da bai wuce awa shida ba, na rana ne, babu wani dogon tunani. Daga awa takwas zuwa sama ne jirgin dare ke shigowa, kuma Nightjet na ÖBB shi ya fi yawan layuka, kamar Biyana zuwa Hamburg da Zurich zuwa Hamburg. European Sleeper kuma yana haɗa Brussels da Balin da Prague. Wurin kwana hawa-hawa ne. Kujera ita ce mafi araha, kuma ba ma ba kowa shawarar ta: za ka isa a gajiye, ranar da ka yi niyyar cetowa ta tafi a barci. Sai ɗaki mai gadaje huɗu ko shida, inda ake ba da zanen gado da bargo da matashi, mutane suna kwana da tufafinsu. Akwai na mata zalla, ana zaɓarsa wajen saye. Sai ɗakin barci na mutum ɗaya, biyu ko uku, mai gado sosai da wurin wanke fuska, wasu har da makewayi. Sababbin taragun da aka fara sakawa a ƙarshen 2023 suna da 'yan ƙananan ɗakuna na mutum ɗaya masu ƙofar kullewa, ga wanda ba ya son kwana da baƙi kuma ba zai iya kuɗin babban ɗaki ba. Mai kati ma sai ya biya kuɗin gado, kuma gadajen su ne ke fara ƙarewa, don haka su za a fara kamawa kafin komai. A auna kuɗin gadon da na daren otal, a kuma tuna cewa jirgin zai ajiye ka da sassafe, otal kuwa ba zai ba da ɗaki ba sai bayan azahar. Yawancin manyan tashoshi suna da akwatunan ajiyar kaya na kuɗi.

Biza, wadda ke iya rushe komai

Taswirar Eurail da ta yankin Schengen, wato ƙasashen da ake shiga da biza ɗaya, ba ɗaya ba ce. Schengen ƙasashe 29 ne, ana zama kwana 90 cikin kowane 180. Birtaniya, Ayalan, Sabiya da Turkiyya duk katin yana aiki a cikinsu amma ba sa cikin Schengen, kowacce da nata sharaɗin shiga. Wanda ya tashi daga Faris ya je Landan ya fita daga yankin ke nan, kuma in bizarsa ta shiga sau ɗaya ce, ba zai komo ba, ko da tikitin dawowa na hannunsa. Ana neman bizar a ofishin jakadancin ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta, in kwanakin sun zo ɗaya kuma ƙasar da za a fara shiga. Kuɗinta yuro 90 ne ga babba tun Yunin 2024, tare da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000.

Wannan yana taɓa zaɓin da muke magana a kai kai tsaye. Mai neman biza dole ya gabatar da tsarin tafiya da shaidar masauki, wato ranakunsa sun riga sun kafu tun kafin ya bar gida, kuma darajar 'yancin da katin ke sayarwa ta ragu a wurinsa. A ɗaya ɓangaren, sayen tikiti goma da ba a mayar da kuɗinsu kafin biza ta fito caca ce, jiran fitowarta kuma yana nufin masu araha sun ƙare. Idan bizar ta fito saura mako biyu ko uku a tashi, farashin ɗai-ɗai ya riga ya hau, katin kuwa kuɗinsa na nan yadda yake, sai ma'aunin ya rinjaya wajensa. Wanda bizarsa ke hannu tun watanni uku kafin tafiya, shi ne zai ci ribar tikiti ɗai-ɗai sosai.

Akwai kuma wuraren da layin dogo ba ya haɗuwa da kyau, duk abin da ka saya. Babu jirgin kai tsaye tsakanin Madrid da Lisbon tun 2020, sai an yi canji fiye da ɗaya, kuma shiga Girka ta ƙasa galibi sai da bas ko jirgin ruwa daga Italiya. A duba waɗannan giɓin tun wajen zana hanya. A tasha kuma, kafin ka hau, ka karanta lambar taragon da ke kan tikitinka da allon da ke jikin ƙofarsa, domin wasu jiragen suna rabuwa biyu a hanya, gaba ya nufi wani gari, baya ya nufi wani. A Italiya, tikitin takarda na jirgin yanki sai an buga masa hatimi a ƙaramin injin da ke bakin dandamali kafin a hau, in ba haka ba mai dubawa zai ci ka tara ko da yanzu ka saye shi.